Mushen Dorina da Motoci Uku

Wari ne ya fara isowa, tun kafin kowa ya ga abin da ya kawo shi. Hansatu tana durƙushe gaban bandarta tana tura icce a wuta, sai iskar da ke tasowa daga tafki ta buso mata wani abu da ya sa ta saki iccen ta dafe hanci. Ta daɗe tana bandar kifi a kwatar Tungar Gawo, wani ƙauyen masunta da ke bakin ruwan Kainji a ƙasar Ngaski, kuma babu irin ƙarnin da ba ta sani ba. Wannan kam ba ƙarni ba ne. Ɗoyi ne mai nauyi, irin wanda ke sauka har cikin maƙogwaro ya zauna.

"Hannah," ta kira maƙwabciyarta, wadda bandarta ke jikin tata, "ke ma kin ji, ko hancina ne?"

Hannah ta riga ta miƙe, bakin zanenta a kan hanci, tana nuna ruwa da hannu. Can inda mata ke wanki da ɗiban ruwa, wani abu baƙi-baƙi ya kwanta a cikin laka kamar kwale-kwalen da ya kife. Sai da Hansatu ta matsa sannan ta ga ƙafafu huɗu gajeru sun miƙe sama. Dorina ce. Ko ciwo ya kashe ta, ko faɗa da 'yar'uwarta, Allah masani, amma ta jima da mutuwa. Cikinta ya kumbura ya yi tim, fatar ta tsattsage tana naso, ƙudaje sun rufe bakinta har ba a ganin haƙoran.

Kafin hantsi ya ɗaga duk garin yana kwata. Sarkin Ruwa Usman, dattijon da ke shugabantar masunta, ya sa samari suka shiga da gora suna turawa, aka kuma ɗaura mata igiya aka ja da jirgi mai inji. Ko gezau. Ruwa yana janyewa a lokacin, laka ta riga ta riƙe ta. Wasu ma'aikatan gandun daji suka zo kan babur, suka tsaya daga nesa da hankici a hanci, suka ɗauki hoto da waya, suka ce kada kowa ya taɓa naman, a binne ta nesa da ruwa. Suka hau babur ɗinsu suka ƙara gaba.

Samari suka haƙa ƙaton rami a kan tudu, bayan gari. Saura abin da zai kai ta can. Nan ne aka tuna da motoci, Hansatu kuwa ta san halin masu motocin.

A-kori-kura uku ne a Tungar Gawo, ɗaya kuwa ta mijinta ce, Mati. Tsohuwa ce ƙirar Japan, mai shan gas, da can fara ce amma yanzu sai dai a ce launin ƙasa. Da ita yake ɗaukar albasa da shinkafa zuwa Yawuri, a yi mata lodi har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta tashi tana nishi ta isa. Ba ta da gudu ko kaɗan, amma tayoyinta huɗu duk suna ja, kuma kowane bakanike na bakin hanya ya san cikinta. Ta biyu ta Elijah ce, mijin Hannah: baƙa, ƙatuwa, ƙirar Amurka, wadda ya sayo ta hannu daga Kwatano yana kai wa masu haƙar zinariya injina da ganguna a daji. In ya tada ta, kajin unguwa watsewa suke yi. Ƙarfi ba a magana, sai dai shan fetur kamar rijiya, ga nauyin tsiya, kuma in wani abu ya lalace sai an aika Kaduna. Ta uku ta Habibu ce, wanda yayansa da ke aiki a Birnin Kebbi ya saya masa: ja, sabuwa fil, ƙirar Chaina, mai ƙofa huɗu da na'urar sanyi, har yau ledar kujeru ba a cire ba. A kan kwalta ba mai kamo ta.

Kullum bayan la'asar mutanen nan uku suna teburin mai shayi, kuma zancen ɗaya ne: wace mota ce ta fi. Mati ya ce mota ita ce wadda ba ta kwana a daji. Elijah ya ce mota ita ce mai ƙarfin inji, sauran duk amalanke ne. Habibu ya ce su biyun sun tsufa tare da tarkacensu. Hansatu ta ji zancen nan har ta haddace, don in Mati ya dawo gida sai ya sake maimaita mata shi kan tuwo, da abin da ya ce, da abin da ya kamata ya ce bai tuna ba.

Da suka iso kwata, kowa cikin motarsa, Sarkin Ruwa ya tare su.

"To, Alhamdu lillahi, ga ku duka. Ku haɗa su ukun da sarƙa, ɗaya gaban ɗaya, a ja abin ga a fid da muna shi. Mata ba su iya ɗiban ruwa."

Su ukun suka dubi juna. Hansatu, da ke tsaye kusa, ta ga wani irin haske a idon mijinta wanda ba ta so ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Elijah, "in an haɗa su, wa za a ce ya ja?"

"Wa za a ce ya ja? Ni ina ruwana da wanda ya ja?"

"Ai yau ce ranar," in ji Mati yana murmushi. "Kowa shi ja shi kaɗai. Wanda duk motarshi ta kai ta rami, zance ya ƙare."

Samarin da ke wurin suka ɗauki sowa. Sarkin Ruwa ya yi magana, ba wanda ya ji. Hansatu ta matsa kusa da mijinta ta rage murya.

"Malam, kifina na bisa wuta. Iskar ga tana bi ta kanshi. Don Allah ku haɗa ku ja."

"Ke dai tsaya ki ga ikon Allah," ya ce, bai ko dube ta ba.

Habibu ya ce shi zai fara, don kowa ya huta. Ya juyo da baya a hankali, yana leƙe ta taga kada laka ta taɓa fenti, ya tsaya can nesa inda ƙasa ke da tauri. Sai da aka ƙulla igiya biyu sannan ta kai. Samarin da suka shiga ɗaurawa suka fito suna kakarin amai, suka ce ƙafar baya kaɗai suka iya ɗaurewa. Habibu ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi, ya taka totur. Igiya ta miƙe. Bayan motar ba nauyi, tayoyin kuma na kwalta ne, sai suka hau juyawa wuri ɗaya suna feshin laka. Ya ƙara takawa. Motar ta yi ta rawa hagu da dama kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Can sai aka ji wani sauti, ɓalas, motar ta zabura gaba.

Jama'a suka fara tafi, sannan suka ga abin da ke biye da ita. Ƙafar ce kaɗai ta cire, tun daga cinya. Habibu kuwa, da yake gilasansa a rufe suke, bai sani ba. Ya zaci ya yi nasara, ya bi ta tsakiyar bandoji yana danna oda, cinyar dorina tana birgima a bayansa, baƙin ruwa na zuba, tsutsotsi farare manya-manya suna warwatsuwa a ƙasa. Ta gaban bandar Hansatu ya wuce. Wata tsoka ta ɓalle ta faɗa cikin kwandon karfasar da ta wanke ta jera tana jiran wuri a wuta.

Hansatu ta tsaya tana kallon kwandon. Tsutsotsin har sun fara bin kifin. Ta ruga bayan banda ta amayar da kokon da ta sha da safe. Da ta ɗago, abin da ta fara ji shi ne dariyar mijinta, har da riƙe ciki.

"Amaryar mota ta samo cinya! Habibu, a kai maka gida ko nan za ka ci?"

Habibu ya fito, ya zagayo, ya ga abin da ya jawo. Bai dubi matan da ya ɓata wa kaya ba. Bayan motarsa ya durƙusa yana dubawa ko bamba ta lanƙwashe.

Elijah ya ce a matsa masa. Ya fito da sarƙa mai kauri wadda yake ɗaure injin niƙan dutse da ita, ya ce a zagaya ta ta ƙirjin dabbar, ba ƙafa ba. Babu saurayin da ya yarda ya sake shiga, sai da ya tuɓe riga ya shiga da kansa, yana tofar da yawu. Hannah ta yi ta kiran sunansa daga bakin ruwa, bai waiwayo ba. Sarƙar ba ta da tsawo, dole ya kawo motar har cikin laka. Ya shiga ya tada ta, ƙasa ta ɗauki rawa.

Gaskiya motar tana da ƙarfi, ko Hansatu ta shaida. Da ya ja, dorinar ta motsa, laka ta sake ta da wani irin tsotso, ta mirgino ta fito daga ruwa har rabi. Samari suka yi ta ihu suna kiran sunan Elijah. Da ya bi a hankali, da wataƙila ya fita. Amma ihun ya shiga kansa. Ya ɗan ja baya don sarƙa ta saki, sannan ya fizga da dukkan ƙarfin injin.

Sarƙa ta nutse cikin kumburarren cikin nan, cikin ya fashe.

Ƙarar kamar an fasa taya. Abin da ya biyo baya kuwa, Hansatu ba ta taɓa ganin irinsa ba, ba ta kuma fatan ta sake. Hanji da ruɓaɓɓiyar ciyawa da wani ruwa kore-kore suka yi tsiri sama suka sauko kan duk wanda ke kusa. Ya sauka kan rawanin Sarkin Ruwa, ya sauka kan wankin da wata ta shanya, ya sauka kan rufin bandoji yana ɗiga ta cikin ciyawa. Warin da aka yi ta kuka da shi tun safe ashe somin-taɓi ne. Mutane suka watse suna faɗuwa kan juna. Hansatu ta ji wani abu mai ɗumi ya sauka a wuyanta yana gangarawa cikin riga. Ta sa hannu ta cire, ba ta duba ko mene ne ba, ta yarfe.

Motar Elijah kuwa, fizgar nan ta sa tayoyinta sun haƙa wa kansu rami. Nauyinta ya ƙarasa aikin. Ta nutse har cikinta ya zauna kan laka, tayoyi huɗu suna juyawa a banza. Ta kafe.

Yanzu saura Mati. Hansatu ta zo wurinsa, ɗankwalinta a jiƙe, idonta ya yi ja.

"Malam, ka ga dai abin da anka yi. Ka fid da motar Elijah, ku haɗa ku kai ta rami, mu samu mu wanke wurin ga."

"Zan fid da shi," in ji Mati. Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Amma sai ya faɗi da bakinshi, gaban jama'a, cewa tsohuwar ga tawa ta fi tashi."

Elijah, yana zaune kan rufin motarsa da ƙazanta har gemu, ya ce ko motar za ta ruɓe a nan tare da dorinar ba zai faɗa ba. Ya ce ai kowa ya ga wanda ya fito da ita daga ruwa.

Haka aka yi ta yi. Rana ta take, ta yi zafi irin na bazara, abin da ya zube a ƙasa ya fara tafasa. Ungulaye suka cika bishiyar gawon da ke bakin kwata, wasu har sun sauko suna jan hanji. Karnuka suka zo. Manyan mutane biyu, masu 'ya'ya da jikoki, ɗaya kan rufin mota ɗaya jingine da tasa, suna musu kan kalmar da za a faɗa. Mati ya ce "ta fi". Elijah ya ce zai iya cewa "ta taimaka". Aka kira liman, aka kira fasto, duk suka tsaya daga nesa suna ba da haƙuri da hannu a hanci. Masu sayen kifin da suka zo daga Wara da kwalayensu suka leƙo, suka juya babura.

Hannah ta zo ta zauna kusa da Hansatu a kan wani turmi da aka kife. Can Hannah ta dubi mijinta ta ce, "Yaya, ni fa da shi nake kwana ɗaki guda."

"Ni wa kika ga ina kwana da shi?" in ji Hansatu.

Sai bayan azahar aka daidaita a kan "yau dai ta fi". Elijah ya faɗa ciki-ciki, Mati ya ce bai ji ba, ya sake faɗa. Sannan Mati ya kwance sarƙar daga baƙar motar, ya ɗaura mata igiya ta gaba, ya sa tasa a ƙaramar giya ya ja a hankali. Da ƙyar, da turin samari, da itatuwan bandar mata da aka kwasa aka cusa ƙarƙashin taya ba tare da an tambaye su ba, motar Elijah ta fito.

Daga nan Mati ya koma kan dorina. Ya sa aka loda masa duwatsu a baya don tayoyi su kama ƙasa, ya rage musu iska, ya ɗaura sarƙa. Yanzu da cikin ya zube, dabbar ta rage nauyi, amma ba wanda ya isa ya faɗi haka a gabansa. Bai fizga ba. Motar ta yi nishi, ta yi hayaƙi baƙi, ta fara tafiya kamar mai ciwon ƙafa, mushen na biye da ita. Ta fita daga laka, ta hau busasshiyar ƙasa. Hansatu ta sauke ajiyar zuciya. Duk da haushin da ke cinta, ta ce a ranta, to, ko ba komai an gama.

Hanya biyu ce zuwa tudu. Ɗaya ta zagaya ta bayan gari, ta gefen gonakin gero, ba gida ko ɗaya. Ɗayar ta ratsa tsakiyar gari, ta gaban teburin mai shayi, ta hau gangaren da ke gaban gidan Mati. Da ya iso mararrabar, Sarkin Ruwa ya nuna masa ta bayan gari da sandarsa. Mati ya yi kamar bai gani ba, ya karya sitiyari ya shiga gari.

"Malam!" Hansatu ta bi motar da gudu tana dukan ƙofa. "Ina za ka da ita? Cikin gari za ka bi da mushe?"

"Ta can akwai yashi," ya ce. Ƙarya yake yi, ta kuma san ƙarya yake yi. Hannunsa ɗaya a waje yana ɗaga wa mutane, fuskar nan kamar ango.

Haka ya ja abin nan ta tsakiyar Tungar Gawo. Duk inda ya bi sai ya bar wata shimfiɗa mai maiƙo, baƙa, da guntayen fata da tsutsa. Ya bi ta gaban masallaci, ya bi ta gaban mai ƙosai, wadda ta kife kaskonta ta gudu. Ya bi ta bakin rijiya. Mata suna jan yara cikin gida suna rufe ƙofa, ƙudaje kuwa sun biyo shi kamar hadari. A gaban teburin mai shayi har tsayawa ya yi ya danna oda.

Tsayawar nan ce ta cuce shi. Daga nan gangare ya fara, kuma da ya tashi daga tsaye sai motar ta kasa samun ƙarfin hawa. Ta ja, ta ja, ta kai rabin gangaren. Wani ƙauri ya tashi, irin na ƙonannen roba. Injin yana kuka amma taya ba ta juyawa. Kulochi ya ƙone. Mati ya ja birki, ya sa aka saka duwatsu a bayan taya, ya fito yana share gumi.

Hansatu ta iso tana haki, ta dubi inda dorinar ta tsaya. Daidai ƙofar gidanta. Kan dabbar yana kan dakalin da take zama tana tsinar shinkafa, bakin a wangame, wani ruwa yana tsiyaya daga ciki yana bin hanyar da ruwan sama ke bi ya shiga zaure.

Ta dubi mijinta tun daga hula har takalmi, mutumin da ta haifa wa 'ya'ya, ta ji tsigar jikinta ta tashi kamar yadda ta tashi lokacin da abin nan ya sauka a wuyanta.

"Ai ta kusa," in ji Mati, yana kauce wa idonta. "Kowa ya ga inda ta kawo ta. Wace mota ce cikin nasu..."

"Kada ka ƙarasa," ta ce.

Wannan karon Sarkin Ruwa bai roƙi kowa ba. Ya cire rawaninsa da ya ɓaci ya jefar, ya ce wanda duk bai kawo motarsa yanzu ba, kada ya sake sauke kaya ko ɗauka a kwatarsa. Elijah ya zo, Habibu ya zo. Aka ture motar Mati gefe da hannu. Aka ɗaura sarƙa a ta Elijah, tunda nan ƙasa mai tauri ce ba inda za ta nutse, aka sa ta Habibu a gaba tana taya ta, samari suka hau bayanta don ta yi nauyi. Kafin mai shayi ya gama wanke kofunansa sun kai tudu. Aka tura mushen rami, aka koma kwata aka kwaso cinyar da abin da ungulaye suka rage, aka rufe.

Aikin da ya rage na mata ne. Har rana ta faɗi Hansatu da Hannah da sauran matan layin suna kankare ƙasa da fartanya, suna zuba toka, suna share tsutsa da tsintsiya. Rijiya sai da aka yashe ta. Dakalin kuwa Hansatu ta sa aka rushe shi, don ƙasar ta sha abin har ciki. Kifin da ke kan wuta ta ɗanɗana ɗaya ta tofar, warin ya shige shi. Ta kwashe duka, tarwaɗa da karfasa da kurungu, aikin da ta yi ta fama da shi, ta kai tudu ta zuba a gefen ramin. Ta yi wanka da sabulu har fatarta ta yi zafi, ta ƙone rigar da ɗankwalin, amma da ta kai loma baki sai ta ji kamar abin yana cikin tuwon.

Mati ya shigo bayan magariba, ya zauna kan tabarma, ya jawo kwano. Ya ci loma biyu, ya gyara murya.

"Kin san wai Elijah cewa yake shi ya kai ta rami? Habibu kuma wai ba don shi ba da ba a hau gangaren ba. To, ni ina tambaya, daga kwata zuwa ƙofar gidan ga, wa ya jawo ta? Ke shaida ce. Gobe in an zauna, ina so ki faɗa wa Hannah, ita kuma ta..."

Hansatu ta miƙe, ta ɗauki tabarmarta da filo.

"Ni shaida ce," ta ce. "Na ga mota ukku, kowace ta yi iyakar abin da anka yi ta don shi. Abin da ke cikinsu ne ban ga amfaninshi ba. Ka ci tuwonka."

Ta wuce ɗakin 'yarta Zuliha ta turo ƙofa.

Motar Mati ta jima a gefen gangaren kafin bakanike ya zo daga Yawuri ya sa mata sabon kulochi. Ko da ta tashi, warin bai bar ta ba. Ya shiga katakon bodi, ya shiga kujera. An wanke da omo, an wanke da kananzir, an turara ta da turaren wuta, a banza. Masu albasa suka ce ba za a ɗora musu kaya a kai ba. Hansatu ta tashi bandarta daga inda take, ita da Hannah, suka koma can gaba wajen duwatsu, suka sake gini da sabon icce da sabuwar ciyawa. Masu saye sun ɗan jima kafin su dawo, kuma da suka dawo sai sun shinshina kowane kifi, abin da ke ƙona mata rai fiye da komai.

Ranar kasuwar Yawuri ta farko bayan ta sake cika kwandunanta, Mati ya kawo mota har bakin banda, ya buɗe mata ƙofar gaba, ya ma shimfiɗa sabon buhu a kujera. Hansatu ta ɗora kwando a ka, ta bi ta gefensa ta gangara kwata, inda jirgin kasuwa ke lodi. Ya fi mota daɗewa a hanya, ga cunkoso, ga awaki. Ta miƙa kwandunanta aka jera, ta tattare zane ta shiga, ta sami wuri kusa da wata tsohuwa mai kaji. Mati ya yi ta danna oda daga tudu. Mai jirgi ya tambaye ta ko da ita ake, ta ce a'a, ya ja inji su tafi.